Ƙwallon da Ta Faɗo Tsakanin Masu Gaba

Dokar ƙwallon raga ba ta da wuya: 'yan wasa shida a kowane ɓangare, taɓi uku kafin ƙwallo ta tsallake raga, wanda ya riga kai maki 25 da ratar biyu ya ci zagaye. William Morgan, da ya ƙirƙiro wasan a Amurka a 1895, ya tsara shi ne don magidantan da ƙwallon kwando ta yi musu tsauri. Bai yi lissafi da 'yan matan makarantar kwana ba, balle biyun da ke gaba tun ranar da bokiti ya ɓace a bakin famfo.

Wasan kuwa sai da baki. In ƙwallo ta taho tsakanin mutum biyu, dole ɗaya ta ce "tawa ce!" To, wadda ta yi sati ba ta amsa gaisuwar 'yar'uwarta ba, a fili za ta fara? Ƙwallo ta dira tim a tsakaninsu. Wannan ta galla harara, waccan ta ja tsaki ta gyara ɗankwali.

Mai ɗaga ƙwallo ta fi kowa iko, domin taɓi na biyu nata ne, ita ke zaɓen wadda za ta buga. In kun saɓa da safe, haka za ki wuni kina tsalle hannu wayam.

Sai malamar wasanni ta nemi hutun daƙiƙa 30 da doka ta ba ta. Ta shirya bayanin tsaron raga, kyaftin ta riga ta: "Malama, wallahi ba ni na ɗauki bokitin ba."