Giya Ta Biyar

Fijo 504 ɗin da na gada wajen kawuna aibinta ɗaya ne: da ka nemi giya ta biyu sai ta kama ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe. Shekara uku muna zaman lafiya a haka. Na koyi tsallakawa daga ta ɗaya zuwa ta uku, ta yi tari sau biyu, mu wuce. Wani bidiyo da ɗana ya nuna mini a waya ne ya ɓata wannan zama.

Tseren Safari ne na Kenya, na shekarar 1975. Ga 504 nan irin tawa sak, tana keta jar laka, ruwa na tashi ta ko'ina. Wani ɗan Suwidin, Ove Andersson, shi ya ci tseren da ita. A shekarar dai Hannu Mikkola ya ci na Maroko da irinta, a shekarar kuma aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Na leƙa taga na hango tawa a gindin darbejiya, kaji sun yi mata ado a gilas. Kunya ta kama ni. Ashe 'yar sarauta nake aika kai niƙa! A daren na ɗaura niyyar shiga tseren motocin da ake yi lokacin bikin kamun kifi na Argungu.

Maman yara ta ce, "Malam, motar da sai yara sun tura ta da sanyi?"

Na ce mata ba ta san tarihi ba.

Baba makanike, wanda ke taɓa motar tun kawu na da rai, ya zagaya da ita sau ɗaya ya dawo. Ya ce, "Malam, zoben giya ta biyu ne ya cinye. Shi ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. A sauke, a canja, gobe da la'asar ka ɗauki abarka."

Na ce ni giyabos nake so sabo, mai giya biyar, irin na 'yan tsere.

Ya ajiye sifana ya dube ni. Ya ce wanda ke ciki BA7 ake kiransa, giya huɗu, kuma ya ishe ta. Ta biyar ta kwalta ce, in ka miƙe hanyar Zariya ka sa ta inji ya huta, mai ya yi auki. A rairayi da laka kuwa ta biyu da ta uku ke ci da mutum. Ya ƙara da cewa, "Wanda bai mallaki ta biyu ba, me zai yi da ta biyar?" Na ɗauka tsufa ne ke damunsa.

A kasuwar 'yan kayan mota aka jera mini giyabos guda uku a ƙasa kamar ragunan layya. Na farko otomatik ne mai giya uku, dillali ya ce tuƙa shi kamar zaman falo ne. Na biyu mai huɗu, ban ko kalle shi ba. Na uku mai biyar, an ciro shi daga 505, ɗan Beljiyam. Na tsuguna na zura yatsa a ramin mai, na shinshina, na gyaɗa kai. Allah ya sani ban san warin da nake nema ba. Mai kaya ya ce da yaronsa, "Ka ga Alhaji ya san mota." Ni da ban taɓa taka jirgi ba. Wannan Alhajin kaɗai ya ci mini naira dubu 20, don daga nan na kasa tayawa. Da kuɗi suka gaza, na sayar wa 'yan gwangwan tsohon giyabos ɗina a kan sikeli.

Ranar ɗaurawa aka ga sabon ya fi tsohon tsawo. Ita kuwa 504 farfelarta a cikin wani bututun ƙarfe take, wanda ya haɗe giyabos da aksul ɗin baya ƙam, babu wurin lallaɓawa. Baba ya ce shi ba ya yanka Fijo. Na kai wa wani mai walda, ya yanke bututu da farfela, ya ɗinke. Sai kuma maganar sanda: tawa a jikin sitiyari take, sabon kuwa a ƙasa yake son tasa. Aka huda gindin mota. Hudar farko ta kauce da kamu guda, aka sake wata. Ta ramin farkon ne takalmin maman yara ya faɗa a hanyar gidan suna, abin da har yau ba a gama shari'arsa ba. Agogon gudu ma ya shiga ruɗu, yana nuna 120 alhali Keke Napep na wuce ni.

Ranar gwaji na ɗauki yaron Baba a matsayin mai duba hanya, muka ari hular kwano wajen 'yan acaɓa, muka nufi wani burtali bayan gari. Ɗaya, biyu, uku, lafiya lau, sai dai motar na karkarwa kamar mai masassara, aikin mai walda ke nan. Muna shiga rairayi zuciya ta ce, to me ka saya? Na danna ta biyar. Inji ya yi wani nishi, ya mutu, muka nutse har ƙofa. Na tayar, na sa ribas, sanda ta yi tsalle ta dawo. Na sake, ta sake. Yaro ya danne ta da hannu biyu, ta ture shi. Ashe ɗan Beljiyam gaba kawai ya sani.

Shanun huɗa biyu suka ja mu da baya har bakin titi. Mai shanun ya karɓi ladansa, ya kalli hulunanmu, ya tambaya cikin ladabi ko mu ne muka zo na ɗaya.

Baba bai ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Na koma kasuwa na sayo wani bututun da farfela, da giyabos mai huɗu, sabon fenti yana ƙyalli, shi ma wai jiya ya sauka daga Beljiyam. Baba ya juya shi, ya kankare fentin gindinsa da wuƙa, ya nuna mini ɗigo uku da aka buga da ƙusa.

"Ni na buga su, lokacin kawunka. Naka ne, Malam. Yi masa sannu da zuwa."

Ya buɗe, ga zoben nan a cinye yadda muka bar shi. Ya canja, washegari da la'asar na ɗauki motata. Ramukan biyu an toshe su da murfin tukunya da guntun kwano.

Mai giya biyar yana nan a zaure, akuya ake ɗaurewa a jikinsa. Duk mai bukata ya zo mu daidaita, ba zan tsananta ba. Amma na faɗa tun yanzu, ba ya ribas.