Babur Ya Fi Maigida Gata

Magidanci ba ya wasa da lafiyar babur ɗinsa. Da ya ji injin ya canza murya, sai wurin bakanike: a juye baƙin mai, a duba fulogi, a ɗaure sarƙa. Amma ka ce ya je a auna jininsa, sai ya dube ka kamar ka yi masa baki. "Ni? Garau nake. Jiya ma malmala uku na tashi da ita."

To, hawan jini ba ya hana cin tuwo. Yakan yi shekaru a jiki ba ciwon kai, ba jiri, yana ɓarna a zuciya da ƙoda, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce jifa aka yi masa. Awon kuwa bai kai minti biyar ba: a naɗa abin a dantse, a hura, a karanta lamba. In tana yawan kaiwa 140 bisa 90, magana ta koma hannun likita. Awon suga kuwa ɗan tsira allura a yatsa ne kawai, sai dai gwarzon da ke kayar da ragon layya shi kaɗai, allura ce ke sa shi salati.

A wurinsa cuta biyu ce a duniya, basir da shawara, maganinsu kuma na bayan mota a bakin kasuwa, lasifika na ta rantsuwa. In uwargida ta matsa, "Maigida, ka leƙa asibiti mana," sai ya girgiza jarkar tsiminsa: "Bari dai wannan ta ƙare tukuna."