Ɓarayin Kushewa, Na Tele da Na Kufai

Idan aka idar da sallar lisha a garin Bana da ke yankin Gaya, kuran kuma bai yi halinsa ba, gidan kallo kan cika. Daren da babu ƙwallo, ba a kuma sa na Indiya ba, akan sa fim ɗin masu tonon kushewar sarakunan da. Wani Bature mai malafa da bulala, ko wata mace mai bindiga biyu ɗaure a cinya, su bi taswirar da gara ta ci rabinta, su sauka rami da tocila, su ɗauke gunkin zinariya daga mazauninsa, sai dutse ya fara ruftowa. Mai malafar Indiana Jones ne, da ya fara fitowa a 1981. Mai bindigogin Lara Croft ce, wadda ta taso daga wasan kwamfuta na 1996 kafin Angelina Jolie ta fito a matsayinta a 2001. Ga jerin Sydney Fox na tele, kamar yadda tashoshin Faransanci suka raɗa masa, wanda aka yi daga 1999 zuwa 2002, ga kuma na ƴan Sin irin su The Lost Tomb na 2015. Labarin kullum guda ne. Mai son ganin sabon abu ya juya wa allon baya, ya dubi masu zama a kan benci.

Bencin gaba na Tafinta ne. Ba ya jin Ingilishi, ba ya jin Sinanci, shi da Faransanci kuma tun a aji uku suka raba gari, amma ta bakinsa kowa ke jin fim. Jarumi zai yi minti biyu yana bayani a kan zuriyar Fir'auna, Tafinta ya ce, "Cewa ya yi ku biyo ni." Jarumi ya yi tari kawai, Tafinta ya kawo jawabi har da karin magana. Masu fassarar finafinai na Kano sun so su kashe masa kasuwa, sai ya koma yi musu gyara.

Kusa da shi Mai Lissafi ne, ɗan bakin iyaka na gaske, mai tunani da kuɗi iri biyu. Da an haska taskar zinariya ya fara: kan gunkin nan sefa miliyan kaza, a canjin kasuwar Kamba naira kaza, ke nan babura kaza da gidan siminti a Gaya. Mutuwar abokin jarumi ba ta dame shi ba. Abin da ke hana shi barci shi ne yadda aka gudu aka bar kogo ya rufe da dukiya, ba wanda ya yi dabarar zuwa da buhu.

Sarkin Tsoro dab da ƙofa yake zama, takalmi a hannu. Ya san labarin la'anar Fir'auna, yana kuma ba da shi daidai har zuwa rabi: a 1922 Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun a Masar, a watan Afrilun 1923 Lord Carnarvon, wanda ya zuba kuɗin aikin, ya mutu. A nan yake tsayawa. Idan aka ce masa cizon sauro ne ya rikiɗe ya zama ajali, kuma shi Carter da ya buɗe ƙofar da hannunsa ya kai 1939 a duniya, sai ya ce aljani ba ya gaggawa.

Akwai kuma dattijon da ba ya biyan kuɗin shiga, don ba kallo ya kawo shi ba, jikansa ya zo kora gida. Yakan ɗan tsaya a bakin ƙofa, ya ga ana ɗaga murfin akwatin gawa, ya ce, "Wai kabarin uban wa suke tonawa?" Yara su bushe da dariya. Duk gidan kallon shi kaɗai ya yi tambayar kirki, kuma neman amsarta ba sai an je Masar ba.

Ƙasar da Bana take a kai tsohuwa ce. Gishirin kwarin Fogha ya daɗe yana jan mutane. Baturen matafiyi Heinrich Barth ya ratsa kwarin a 1853 ya iske ana dafa shi. A da, ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja ta wannan yanki na Dandi da yawansu suke ƙetare kogin Kwara. Can cikin Nijeriya ganuwar duwatsu ta Surame, birnin Kanta na Kabi, tana nan tun ƙarni na 16. Bayan sojan Maroko sun karya Songhai a 1591, Dandi ce ta zama mafakar Askiyoyin da suka ƙi miƙa wuya. Wurin da aka yi irin wannan zirga-zirga ba ya rasa kufai, kufai kuma ba ya rasa mai rantsuwa cewa akwai tukunyar zinariya a gindin kukarsa. Amma babban tonon da aka yi wa Nijar a Bura aka yi shi, cikin yankin Tera, kuma a cikin waɗanda suka taka rawa babu mai malafa da bulala ko ɗaya.

Mai Tsintuwa ne ke buɗe fage. Shi ba nema ya fita ba. Noma yake, ko farauta, ko haƙar ƙasar gini, ko kuma zaizayar ruwa ce ta tone masa. Haka aka yi kiciɓis da makabartar Bura a 1975. Uban ƙungiyar masu tsintuwa dai shi ne wani ma'aikacin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, kudancin Kaduna ta yau, wanda ya samu kan mutum na yumɓu, ya ga bai kamata ya zauna ba aiki ba, ya kafa shi a gonar doyarsa yana korar maɓarnata. Kan ya shekara yana gadi kafin ya isa hannun wani masani, Bernard Fagg, wajen 1943, shi kuma ya gane ɗan'uwan wani kan ne da aka tono a Nok tun 1928. Kayan Nok sun haura shekara 2,000. Har yau ba a ji an biya dattijon kan nan ladan gadinsa ba.

Ƙanensa Mai Fasawa ba shi da wannan haƙurin, kuma iri biyu ne. Ɗaya ya ga tulu a kife cikin ƙasa, zuciya ta raya masa zinariya, ya sa masa gatari. Abin da ke fitowa ƙasa ce da ƙashi, wani lokaci da kan kibiya mai tsatsa. Ɗayan ya ga fuska a jikin yumɓu ya ce gunki ne, ya farfasa don neman lada. Wancan ya tafi da takaici, wannan da farin ciki, tulun dai ya zama tsingaro.

Wanda takaici bai ishe shi ba yakan ƙare a zauren Mai Sallamar Aljanu. A fim tarko ne ke gadin dukiya, kibau masu fitowa daga bango da dutse mai gangarowa. A nan aljani ne, kuma aljanin yana da wakili a gari. Wakilin zai buƙaci baƙin bunsuru, da turare, da farin ƙyalle, da kuɗin da ba a ƙirgawa a gaban mutane. Idan aka tona ba a samu komai ba, to wani ne ya yi magana lokacin da aka ce a yi shiru, aljanin ya ɗauke ajiyarsa ya ƙara gaba. A duk harkar nan shi kaɗai ne ba ya faɗuwa, don tun kafin a fasa ƙasa ya ci bunsurunsa.

Wanda ya fi kama da jarumin fim, a wahala ba a suna ba, shi ne Mai Tono. Manomi ne da rani ya riske shi rumbu bai cika ba. Taswirarsa ita ce sandar ƙarfe da yake soka wa ƙasa har ya ji ta bugi wani abu, sai diga, da shebur, da ƙanen matarsa mai kwashe ƙasa. Kasuwarsa ta buɗe ne ta ƙofar da ba a zata ba. A 1993 aka yi wani babban baje kolin kayan tarihin kwarin Kwara a Paris, mai suna Vallées du Niger, don duniya ta ga abin da Afirka ta Yamma ta mallaka. Duniya ta gani, masu kuɗinta kuma suka ce suna so. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin waje ya ninka a hannun mai saye. Cikin ƴan shekaru filayen Bura suka koma rami-rami, har jaridar Le Monde ta ruwaito cewa an lalata kashi 90 cikin 100 na wuraren. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura da na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jan kundinta, tana gargaɗin kada kowa ya saya. Mai Tono bai ji labarin wani kundi ba. Abin da ya sani an ba shi ƴan jakunkuna ya sayi hatsi, abin da ya tono kuma ya tafi inda ake kiran farashinsa da kuɗin da shi bai taɓa riƙewa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gardin shi ne Dillali, mai harshe huɗu. A ƙauye yana duban kan yumɓu yana taɓe baki: ya tsage, hanci ya gutsure, irinsa sun cika kasuwa, don zumunci kawai zai karɓa. A ɗakin otal na Kwatano ko Lome kuwa, kan nan na wani sarki ne da ba a taɓa ganin kamarsa ba. Biranen nan biyu sun daɗe da yin suna a matsayin zangon irin wannan kaya kafin ya wuce Beljiyam da Faransa, kuma duk mutumin Gaya ya san hanyar Kwatano ta Malanville ta bi. Abokin aikinsa Ɗan Fito bai damu da tarihi ba ko kaɗan. A wurinsa kaya kaya ne, ko shinkafa, ko fetur, ko kakan wani a naɗe cikin tsumma. Idan ɗan duwan ya buɗe kwali, amsa a shirye take: tsarabar yara ce, jiya-jiya aka gasa ta.

Wani lokacin kuma gaskiya ya faɗa. Akwai Mai Tsofar da Sabo, gwanin yumɓu wanda ya lura Turawa ba sa sayen aikinsa sai in ya rantse ba shi ya yi ba. Sai ya gina, ya gasa, ya gutsure kunne guda, ya binne a ƙarƙashin turken awaki har damina ta wuce. Masu saye suka fito da gwajin kimiyya: a huda jikin abu a ɗebi ɗan gari, na'ura ta faɗi shekarun da ya yi tun da ya ga wuta. Shi ma ya ƙaro ilimi, ya riƙa dasa tsingaron gaske a inda ya san za a huda. Wani ragon yumɓu daga Mali da aka yi gwanjonsa a Sotheby's ta New York a 1991 kan dalar Amurka 275,000 ya ci wannan jarrabawa. Daga baya wani magini na can ya shaida wa ɗan jarida Michel Brent cewa ƴan gutsattsari ne kawai tsofaffi, saura aikin hannunsa ne. Da wuya mutum ya yi fushi da shi sosai, tunda wanda ya cuta ɗin kayan sata ya zo saye.

Masanin gaske kuwa ba za a yi fim a kansa ba, don ƴan kallo za su nemi a mayar musu da kuɗinsu. Ba ya gudu, ba ya harbi. Yana tsugune da buroshi da igiyar awo da littafi, yini guda a kan taku ɗaya. Haka Boubé Gado na cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai ya yi a Bura a 1983: a fili mai tsawon mita 25 da faɗin 20 aka ƙirga tuluna 630 a kife, dab da juna, wasu da siffar kawunan mutane, ga kuma mahayin doki na yumɓu da aka harhaɗa daga gutsattsari. Tambayoyinsa sun wuce tulun: wa ke kwance a ƙarƙashinsa, ina ya fuskanta, me aka ajiye masa, wane gawayi ke gefe da za a auna shekarunsa. Da haka aka san mutanen nan sun yi zamani fiye da shekara 1,000 da suka wuce, suna da ƙarfe, suna da dawaki. Tulun da Mai Tono ya fizge cikin dare ya rabu da duk wannan bayani, ya koma kayan ado. Dokar Nijar ta 30 ga Yunin 1997 tana bayan masani, ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Sai dai doka tana Yamai, kufai yana daji, motar masanin kuma ba kullum take da mai ba.

A ƙarshen layi Mai Falo yake zaune, cikin sanyi, babu ƙura ko kaɗan a rigarsa. Shi masoyin Afirka ne, da bakinsa yake faɗa. Bai taɓa sata ba, saye yake. Takardar kayan takan ce daga tsohuwar ajiyar wani iyali suka fito, iyalin da ba a faɗin sunansa. Hujjarsa ita ce in an bar su a can lalacewa za su yi, bai kuma taɓa tambayar kansa kuɗin wa ya sa aka ɗauki diga ba. Irinsa ba ƙananan mutane ba ne. A watan Afrilun 2000 shugaban Faransa Jacques Chirac ya buɗe sabon sashe a gidan tarihi na Louvre, cikin abubuwan da aka jera har da mutum-mutumi biyu na Nok, waɗanda Faransa ta saya tare da wani na Sakkwato daga hannun dillali a Beljiyam, alhali dokar Nijeriya ta hana fitar da su. Jaridu sun ce faran miliyan 2.5 aka biya, wato sefa miliyan 250. Aka yi ta cece-kuce, har masanin Ingila Colin Renfrew ya fito fili ya soki Chirac. A 2002 aka sasanta: Faransa ta amince kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25. Wa'adin na cika ne a 2027, kuma yarjejeniyar ta ce ana iya sabunta shi.