Ɗan Koyo, Filashi da Farar Shadda

Ɗan koyon da ya sayi filashi ranar Alhamis, aka kuma gayyace shi nunin ɗinki ranar Asabar, yakan shiga zaure da yaƙinin cewa hasken da ke jakarsa ya ishi kowa har mai gadi. Kafin ya ɗaura wannan makami a kan kyamara, ya fara neman masu shirya bikin ya tambaya ko an yarda da shi. A manyan bukukuwa irin su Lagos Fashion Week, wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011, ko FIMA, wanda Alphadi ya fara a 1998 a hamadar da ke kusa da Agadas, akan ɗauko ƙwararru su haskaka dandamali, kuma mai walƙiya a idon jama'a ba ya samun yabo. Filashi yana cin kasuwarsa ne a ƙananan zaurukan otal da na biki, inda fitilun da aka kunna su ne ragowar na liyafar jiya: ja, shuɗi da ruwan hoda.

Ya zo da wuri. Wuri mafi tsada shi ne ƙarshen dandamali, daidai tsakiya, inda mai nuna kaya ke tahowa kai tsaye. Tsofaffin hannu sukan manna salatif a ƙasa su rubuta sunansu tun kafin a gama jera kujeru, kuma wanda ya taka wannan iyaka zai ji "Kai yaro, matsa!" da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Idan ya samu gefe, ya duba wa za ta zauna a gabansa. Hajiyar da ta sha ɗaurin ture-ka-ga-tsiya ta biya kuɗin kujerarta, ba za ta rage tsawon ɗankwali saboda shi ba. Ƙaramin kwando ko akwatin da zai hau ya fi masa gardama amfani.

Babbar jarrabawarsa ita ce shadda. An yi ta ne don ta yi walƙiya, tun daga Getzner da ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya har zuwa wadda masu bugu suka sha dukanta da guduma a kusa da marinar Ƙofar Mata a Kano. Idan filashi ya dake ta gaba da gaba, hasken yakan dawo cikin idon kyamara kamar an haska madubi, furen saƙa ya ɓace, aikin wuyan da ya cinye wa mai ɗinki mako uku ya zama farin tabo. Leshi mai duwatsu ya fi haka rashin mutunci, domin kowane dutse sai ya rama nasa. Goshin mai nuna kayan ma, wanda ya sha zufa a bayan labule, yakan shiga gasar.

Akwai kuma tsarin TTL, inda filashi ke auna haske da kansa. Yana da kirki, sai dai yana ɗaukar duk duniya a matsayin toka-toka. Farar babbar riga ta fito, ya firgita ya rage wuta, fuskar mai rigar ta nutse cikin duhu. Baƙar abaya ta biyo baya, ya ƙara wuta, abayar ta koma ruwan toka. Maganin shi ne ɗan koyo ya ƙara masa rabin mataki ko ɗaya idan fari ya fito, ya rage idan baƙi ne. Wanda ya fi wannan kwanciyar hankali shi ne ya zaɓi wuri ɗaya a kan dandamali, ya sa abokinsa ya tsaya a wurin kafin a fara, ya saita ƙarfin filashi da hannu, sannan ya riƙa ɗauka duk lokacin da aka iso nan.

Dalilin zaɓen wuri ɗaya lissafi ne da ba ya karɓar roƙo. Idan nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Mai nuna kaya da ke mita 12 tana samun kashi ɗaya cikin 16 na abin da za ta samu a mita 3. Shi ya sa hoton ɗan koyo na farko yakan nuna ƙeyar baƙin layin gaba tas, har da tambarin hula, ita kuwa tauraruwar tana can nesa cikin magariba. Filashi mai lambar ƙarfi 60, irin Godox TT685 ko Canon 600EX-RT, a ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) da buɗewar ido f/4 iyakarsa mita 15, shi ma sai an matse haskensa an kuma sake masa dukkan ƙarfinsa. Ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 yana sauke masa wannan nauyi, yana kuma barin hasken zauren ya shigo hoton, don kada a zaci a cikin rijiya aka yi bikin.

Daga nan sai ya ɗaga kai ya dubi silin. Idan fari ne kuma bai yi nisa ba, ya karkata kan filashi sama, haske ya bugi silin ya sauko a hankali, shadda ta nuna furenta, fata ta fito da launinta. Idan masu ƙawata wuri sun lulluɓe shi da jan yadi, kowa zai fito ja, har limamin da ya buɗe taro da addu'a. A nan sai farin katin da ke fitowa daga kan filashi, ko kuma a cire filashin daga kyamara a ba ƙane ya riƙe a gefe, a haɗa su da na'urar rediyo. Ƙanen yana buƙatar abinci da gargaɗi ɗaya: kada ya juya kallon masu rawa.

Saurin ƙiftawar kyamara ma yana da iyaka. Yawancin kyamarori ba sa jituwa da filashi fiye da 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa. Wanda ya wuce nan ba tare da kunna HSS ba, wato tsarin da ke sa filashi ya bi ƙiftawa mai sauri, yakan tarar da baƙin labule ya rufe rabin siket. Launi kuwa, hasken filashi yana kusa da na rana, wajen 5500K, tsofaffin fitilun dandamali masu zafi kuma suna wajen 3200K. Fallen leda mai ruwan lemo da ake mannawa a bakin filashi yana sulhunta su. Ya ɗauka a RAW, tsarin da ke barin a gyara launi daga baya, domin mai ɗinkin da ta zaɓi ruwan ƙasa ba za ta karɓi ruwan goro ba.

Sai batun haƙuri. Filashi yana buƙatar numfashi tsakanin walƙiya da walƙiya, kuma a cikakken ƙarfi hakan kan kai daƙiƙa biyu ko fiye, daidai tsawon tsayuwar mai nuna kaya a ƙarshen dandamali. Mai danna maɓalli ba ƙaƙƙautawa yakan sami hoto ɗaya mai haske da bakwai baƙaƙe, daga bisani filashin ya yi zafi ya shiga yajin aiki ana tsakiyar fitowar kayan amare. A kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfinsa kuwa, yana biye da yatsa ba gajiya. Batir masu caji irin Eneloop saiti uku ba almubazzaranci ba ne. Ya kuma tabbatar bai bar filashin a S1 ba, tsarin da ke sa shi tashi duk lokacin da ya hango walƙiyar wani, ya ƙarar da batirinsa wajen haskaka hotunan maƙwabta.

Lokacin dannawa shi ne sa'ad da ƙafar gaba ta sauka, ta baya tana shirin ɗagawa, mayafi ko laffaya na cikin iska, idanu a buɗe. Kiɗan da ake sawa yana taimakawa, tun da a kansa ake taku. Ya sa kyamara a tsarin bin mai motsi, AI Servo idan Canon ce, ko AF-C idan Nikon ko Sony ce, ya ɗora alamar saiti a fuska. Kowace riga tana son hoto uku: cikakke daga ɗankwali zuwa takalmi ba a yanke yatsu ba, rabin jiki don aikin wuya da hannu, da na baya idan an juya, domin wasu teloli a can suke ɓoye gwanintarsu.

Idan wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta, kada ya fara harbi cikin duhu. Yarinyar da ke tafiya a kan takalmi mai tsini a bakin dandamali tana buƙatar idanunta fiye da yadda yake buƙatar hoton. Ya yi amfani da minti biyun wajen sauya batir.

Washegari mai ɗinki za ta karɓi hotunan a waya, ta buɗe yatsu biyu ta faɗaɗa wuyan riga, ta ƙirga layin zare, ta gwada launin da yadin da ke kan teburinta. Ya tura mata talatin da aka tace, sauran ɗari bakwai ɗin su zauna a kwamfutarsa, ya kuma rubuta sunan kowane mai ɗinki a kan kundinsa tun a zaure, kada kayan wata su tafi wayar abokiyar hamayyarta.