Masu Wankin Sola Iri-iri Ne

Tagar gidan ƙauye ba ta taɓa neman mai wanki ba. A ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir, taga 'yar kafa ce a jikin bango, murfinta katako ko langalanga, in ta yi ƙura a karkaɗe da tsumma a wuce. Gilashin da ya zame wa mutane aiki ta rufin ɗaki ya shigo. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, janareto ya koma kwanciya a lungu, farantan sola suka hau kan kwanon masallatai da shagunan cajin waya da tankunan rijiyar burtsatse, har da gonakin masu noman rani a bakin madatsar Tomas da ta Watari.

Abin da mai sayar da sola bai cika faɗa ba shi ne hunturu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska takan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, busasshen gurbin wani tsohon tafki, ta zo ta sauke mana. Ga kuma tamu ta gida. A nan gona ta haɗe da gona, babu daji babu saura, da an yi girbi an kwashe kara da harawa sai ƙasa ta zauna tsirara, ƙaiƙayin sussuka yana tashi ta ko'ina. Kano kuwa wajen digiri 12 kawai take arewa da tsakiyar duniya, don haka ba a tsayar da farantin sosai, ɗan kishingiɗar da shi ake yi ya fuskanci kudu. Duk abin da ya sauka a kansa ya sami wurin kwana. Daga nan sai fitila ta fara mutuwa kafin a idar da isha'i, sai maganar doguwar sanda da buroshi ta tashi a majalisa, kowa ya fito da halinsa.

Akwai dattijon da ya rantse ba zai fitar da ko sisi ba. Yana da gwangwala tun ta kaɗo mangwaro, ya ɗaura mata tsohuwar hula a ka, shi ke nan an gama sayayya. In ɗansa ya ce, "Baba, a ɗan jiƙa shi tukuna," sai ya harare shi. "Kai yaro, ruwan da uwarka ta aika aka jawo don girki zan watsa wa kwano?" Haka zai yi ta gurzar gilashin a bushe, yashin da ke cikin ƙurar yana zane shi a hankali. Amma kada a raina Baba gaba ɗaya. Gwangwalarsa ba ta da nauyi, kuma muddin a bushe take wuta ba ta bin ta. Sandarsa daidai ce, hular ce matsala.

Kishiyarsa shi ne Alhajin da ba ya sayen abu sai ya ji an ce daga waje aka kawo shi. Wani jikansa ne ya nuna masa bidiyo a waya: ga Bature tsaye a ƙasa, ya zare sanda gaɓa bayan gaɓa har hawa na uku, ruwa na fita ta tsakiyar buroshi, taga na ƙyalli, babu tsani babu sabulu. Alhaji ya dafa ƙirji ya ce irin wannan yake so, kuma mafi tsawo. Abin da bidiyon bai nuna masa ba shi ne motar da ke bayan Baturen, da tankinta da famfonta da na'urar tace ruwa. Sana'ar ta bunƙasa ne a Birtaniya, musamman bayan dokar aiki a wuri mai tsayi ta 2005, wadda ta matsa wa masu wankin taga su rage hawa tsani in akwai wata hanya. Sirrin aikin kuma a ruwan yake. Sukan tace shi har sai gishirin ƙasa da ke narke a cikinsa ya kusa ƙarewa, su auna da wani ɗan ma'auni da bai fi biro girma ba, shi ya sa yake bushewa bai bar tabo ba. Alhaji dai sanda ta iso daga Kano a kan rufin mota, doguwar da za ta taɓo ƙololuwar giginya, ga shi ɗakin nasa ko bene ba shi da shi. Babu famfon da zai tura ruwa sama. Yanzu in ka bi ta ƙofar gidan da hantsi za ka ga mutum uku a kan aiki ɗaya: ɗaya riƙe da sanda, ɗaya ya hau turmi yana ɗura ruwa a bakin mesa da buta, Alhaji kuma daga kan kujera yana cewa, "A ɗaga butar sama, haka na ga suna yi."

Sai gwanin ciniki. Wannan yakan ci kasuwar Dambatta ranar Lahadi tun daga farkonta har ƙarshenta, ya taɓa kowane buroshi, ya lanƙwasa gashinsa da babban yatsa, ya ajiye. Ma'auninsa ɗaya ne: wanne ne zai daɗe? Mai kaya ya miƙo masa mai laushi irin na wankin mota, ya ce, "Malam, wannan shi ne na gilashi." Ya girgiza kai. "Albarka. Wannan ai wata biyu ya mutu. Ba ni wancan mai tauri." Wancan ɗin kuwa na goge siminti ne. Ya taya, aka ce albarka, ya tafi, aka kira shi, ya dawo, ya sami ragin da bai kai kuɗin shayi ba, ya hau babur yana murmushi. Buroshin zai daɗe, babu shakka. Akwai wani siririn shafe a fuskar gilashin sola da ke hana hasken rana tarwatsewa, shi ne ba zai daɗe ba. Da ya goga gashin a bayan hannunsa tun a kasuwa, da fatarsa ta ba shi amsa kyauta.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne injiniyan gari, matashin da ke gyaran babur da rediyo da injin markaɗe, bai taɓa cewa bai iya ba. Shi ma ya ga bidiyon Alhaji, amma shi dariya ya yi, don ya gane famfon da ake nema yana rataye a rumbun kowane manomi: famfon feshi na goyo, mai cin lita 16. Ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo bututun roba da siririyar mesar nan da magina ke auna lebur da ita, ya huda buroshin mota da ƙusa mai zafi, ya zura mesar, ya ɗaure komai da tsohon tif ɗin keke. Ya goya famfon, hannun hagu na bugawa, na dama na riƙe da sanda. Wallahi abin yana aiki, kuma duk kuɗinsa bai kai na gaɓa ɗaya ta sandar Alhaji ba. Illarsa biyu. Bututun roba in ya wuce taku kaɗan sai ya riƙa rangaji, buroshin ya tafi gabas kai kana nufin yamma, ruwan kuma ya biyo sandar ya gangaro ta hammata har cikin wando, a sanyin Janairu. Ta biyun ta fi muni: famfon nan jiya da shi aka fesa wa wake maganin ƙwari, shekaranjiya na ciyawa. Injiniya ya ce ya ɗauraye. Ruwan da ya sauko daga kwano kuwa a tsakar gida yake zuba, inda kaji ke kiwo yara ke rarrafe. In an yi masa magana sai ya ce zai sayi sabon famfo na wanki zalla idan ya sayar da gyaɗa, kuma kowa ya san yadda alkawarin bayan gyaɗa yake.

Uwargida mai tsabta ba ta yarda abu ya wanku ba sai ta ga kumfa. Ba ita ke hawa ba, daga tsakar gida take ba da umarni. "Kai, ɗan nan, ƙara Omo. Ga soson ƙarfe nan, ka murza wajen kashin tattabarun nan da kyau." A kan kashin tattabara tana da gaskiya fiye da yadda ta sani, domin ƙwayoyin da ke cikin farantin a jere suke, wuta na bi ta ɗaya zuwa ɗaya, in kashi ya rufe guda sai ya rage wa 'yan uwanta ƙarfi, wurin kuma ya riƙa ɗaukar zafi. Sai dai jiƙa shi ake yi ya saki da kansa. Sabulun kuwa in bai ɗauraye sarai ba yakan bar danƙo, ƙurar gobe ta sami abin kamawa. Maƙwabciyarta ta fi ta dabara. Da ta ga ƙura ta yi yawa sai ta sa aka lulluɓe farantin da tabarma don kada ya yi datti, da dare kuma ta aika a tambayo mai haɗa sola ko batirin jabu ya sayar musu.

Mai wankin tsakar rana ba ya buƙatar dogon bayani. Bayan azahar, gilashi ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya taɓawa, shi kuma ya ɗebo ruwan randa mai sanyi ya sheƙa. In an yi sa'a ruwan ya ƙafe nan take ya bar farin tabon rijiya. In ba a yi sa'a ba a ji ƙas.

Akwai kuma mai tawakkali, wanda ya ce wanda ya aiko ƙura shi zai aiko ruwa. Ba ƙarya ya yi ba, ruwan sama ya fi na yawancin rijiyoyinmu dacewa da gilashi, tun da bai ratsa ƙasa ya kwaso gishirinta ba. Matsalar ita ce tsakanin Nuwamba da saukar damina akwai wata shida ko fiye. A cikinsu zai zagi batir, ya zagi inbata, ya zagi Sinawan da suka ƙera su, ya sayi fitilar hannu, amma ba zai ɗaga kai ya dubi rufinsa ba.

Wanda ya fi kowa sanin aikin ba ya zuwa majalisa ya yi bayani, don yana shago. Mai cajin waya ne, wanda in wuta ta ragu cinikinsa ne ya ragu. Tambaye shi wace sanda ce mai kyau, sai ya ce wadda ta kai, ba ta wuce ba. Ya san ta alminiyam ta fi araha amma tana gajiyar da kafaɗa, ta kabon ba nauyi sai tsada, kuma dukansu biyu wuta na bin su, don haka in akwai wayar lantarki kusa da rufi ba ya ɗaga ko ɗaya. Tasa irin ta masu fenti ce mai gaɓa biyu, da buroshi mai laushi, da jarka ɗaya da ya ware wa wannan aiki, ya bar ruwan ya kwana laka ta kwanta. Da an fito sallar asuba, gilashi na da sanyi, sai ya zuba ruwa tukuna, ya ja buroshi daga sama zuwa ƙasa, ya ɗauraye, ya buɗe shago. Kuskurensa ɗaya a duniya: ya bari an san yana da sanda.

Domin akwai mai aro. Shi bai taɓa zaɓen sanda ba, maƙwabci yake zaɓa. Yakan zo da sallama mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Yaya, 'yar sandar nan taka, yanzu-yanzu zan dawo da ita." Bayan kwana uku a same ta a gidan surukinsa ana kaɗo 'ya'yan kuka da ita, buroshin kuma yana bayan gida an wanke akuyar da za a kai kasuwa. Aka dawo da sandar gaɓa ɗaya ta ƙi shiga. Shi ne kuma zai fara cewa, "Ai kayan yanzu ba su da ƙwari."

Duk waɗannan mutanen kuwa sukan haɗu wuri guda, wato kwamitin rijiyar burtsatsen unguwa. Ƙura ta rufe farantan solar rijiyar, ruwa ya fara zuwa a tsiyaye, mata suka yi ƙorafi, mai unguwa ya kira taro a gindin darbejiya. Baba ya ce a ba shi aikin da gwangwalarsa. Alhaji ya ce abin kunya ne unguwa guda ta rasa irin tasa. Injiniya ya zana nasa tsarin a ƙasa da tsinke. Mai tawakkali ya ce saura wata nawa ne ma. Aka yi karo-karo, aka tura gwanin ciniki da mai cajin waya tare don ɗaya ya tsare ɗaya, suka dawo da sanda mai kyau da buroshi mai laushi, aka sa albarka. Da aka zo maganar inda za a ajiye ta, kowa ya waiwaya ya dubi mai aro, sai aka yanke shawara a kulle ta a ɗakin ajiyar masallaci, makulli a hannun ma'aji shi kaɗai. Ma'aji kuwa, da ya gama sussukar dawarsa, ya hau mota ya tafi cirani Legas da makullin a aljihu. An kira shi a waya, ya ce a yi haƙuri, in Allah ya yarda yana nan tafe kafin shuka.