Masu Neman Keke Mai Caji

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Ma'aikacin da ke fitowa daga Rijiyar Zaki zuwa sakatariyar Audu Baƙo ya ga kuɗin adaidaita sahu na cinye albashi tun wata bai raba ba, sai ido ya koma kan keke mai caji. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagon da ake sayar da shi zai ga halittu iri-iri.

Akwai mai imani da kwali. An rubuta a jikin kwali cewa caji ɗaya na kai mutum kilomita 60, shi ke nan magana ta ƙare. Bai tambaya ba ko wane ne aka ɗora lokacin gwajin, alhali galibi siririn mutum ne, a kan shimfiɗaɗɗen titi, yana tafiya a hankali. Shi kuwa maigidan, masha Allah, tuwo ya karɓe shi, ga gadar sama a hanyarsa, ga ramuka. Ranar Litinin za ka hange shi da la'asar yana tura keke da hannu, babbar riga a kafaɗa, yana gaya wa masu yi masa sannu cewa motsa jiki yake yi.

Sai ɗan araha, wanda ya fi kowa ban tausayi. Tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, wanne ne ƙarshen sauƙi?" Sai a tura masa mai batirin dalma, irin na mota. Gaskiya ya fi sauƙin kuɗi, amma nauyi ne da shi, kuma ba ya jure caji da saukewa kamar na litiyam, balle a zafin Afrilu da ke saurin tsufar da kowane batir. Abin da ɗan araha bai gane ba shi ne, a keke mai caji batirin ake saye, ƙarfe da taya rakiya suka yi. Kafin shekara ta zagayo ya dawo neman sabo, mai shago na tarbarsa da fara'a, don ya san da zuwansa tun ranar farko. Araha dai ba ta ado.

Shi kuma malamin lissafi da biro yake zuwa. Ya duba batir ya ga 48V da 12Ah, ya ninka su ya samu 576, ya ce wato cika shi bai fi rabin yunit da ɗoriya ba. Ko a rukunin A na masu biyan kuɗin wuta, da aka kai yunit ɗinsa naira 225 a Afrilun 2024, caji ɗaya bai kai naira 150 ba. Lissafinsa daidai ne, kuma a ganina duk cikinsu shi ya fi kusa da hankali. Ya auna nisan gida da ofis, zuwa da dawowa, ya tambayi wa zai gyara in injin da ke cikin tayar baya ya samu matsala, ya tambayi ko ana cire batirin a shiga da shi ɗaki. Abu ɗaya ya manta: unguwarsu kwana uku ke nan ba a kawo wuta ba.

Wannan ne ya haifar da ɗan cajin ofis. Ƙarfe bakwai da rabi ya iso, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗauke shi aiki. Oga har ya fara yabon hazaƙarsa, sai aka gano batir a ƙarƙashin tebur, an cire filogin firinta an sa nasa.

Mai jin nauyin girma ba ya ma ambaton sunan abin. "Yaron gidana nake duba wa," in ji shi, yana gwada ko sirdin zai ɗauke shi. Ya fi son wanda ya yi kama da babur, mara feda, don kada surukai su ce ya koma keke. Ranar da caji ya ƙare a hanya zai san amfanin feda.

Akwai kuma mai lodi, da ya sayi ƙaramin inji mai wat 250 ya ɗora masa 'yan makaranta biyu da buhun masara, sannan ya ce kayan Sin ba su da ƙarko.

Gwanin majalisa bai taɓa hawa ba, amma ba a sayen keke a unguwa sai ya sa baki. Shi ne ya ji labarin batirin da ya kama da wuta, kuma nan yana da gaskiya: caja mara kyau da batirin da aka yi wa kwaskwarima suna haddasa gobara, bai kamata a bar su a jone a kwanta barci ba. Daga nan sai ya zarce, ya ce ruwan sama ɗaya ke kashe shi, ya ce a jira dala ta sauka. Tun bara yake jira. Da safe kuwa yana bakin titi da jakarsa, yana ɗaga wa malamin lissafi hannu: "Malam, don Allah ko zuwa Kabuga ne."