Mu da Fitsarin Dare

Mu dai a unguwar nan ba a rasa likita. Ka kuskura ka ce a majalisa jiya sau huɗu ka tashi kama ruwa, kafin ka rufe baki an gama duba ka. Mai kanti zai ce sanyi ne. Direban da ke gefe ya ce ina, basir ne ya sauko mara. Baba na kan tabarma kuwa sai ya girgiza kai ya ce, "Yaro, dattin mara ne, tun ba a haife ka ba na san shi." Duk ciwon da ke ƙasan cibiya a wurinmu bai wuce waɗannan ukun ba.

Sai a shiga rubuta magani. Wannan ya ce dafa hulba, wancan ya ce habbatus sauda da zuma, wani ya rantse da ganyen sabara. Akwai kuma 'yan ɗaci, masu ganin abin da bai murtuke maka fuska ba ai ba magani ba ne: sassaƙen maɗaci, shuwaka, garahuni, ganyen darbejiya. Ranar kasuwa ga mai lasifika a kan mota, jarkarsa ɗaya tana kashe sanyi da shawara da ciwon baya, har da wanda bai riga ya kama ka ba.

Inda abin ke ba ni dariya wajen sha ne. "Malam, kofi biyu bayan isha'i." Bawan Allah na kukan yawan fitsari, an ɗura masa kofi biyu zai kwanta! Ga shi ya riga ya biya ta teburin mai shayi, ya dawo ya tarar da zoɓon da Hajiya ta sa a firij, ya ɗora da kankana. Ganyen shayi da zoɓo kowanne na sa fitsari. Gari na wayewa sai a ce ai cutar ce ke fita.

Ban raina itatuwanmu ba, iyayenmu sun rayu da su. Amma yawan fitsarin dare alama ce, kuma abin da ke jawo shi ba ɗaya ba ne. In ya haɗu da ƙishirwa da rama, ko ka ga kiyashi na taruwa inda ka tsuguna, suga ake zargi. Gwajin kuwa ɗan huda yatsa ne da safe kafin a karya. In ya nuna 126 ko sama, likita zai sake aunawa ya tabbatar. Namijin da ya haura shekara 50, sau da yawa wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara, wadda likitoci ke kira furostet, take kumbura ta matse hanya, sai fitsarin ya riƙa fita kaɗan-kaɗan, mara ba ta sauke duka ba. Wasu ƙwayoyin hawan jini ma aikinsu ke nan, fitar da ruwa, shi ya sa ake son shan su da safe.

Don haka Alhaji, ajiye jarkar nan tukuna. Rage shaye-shaye awa biyu kafin kwanciya, a mayar da shayi na safe. In aka yi mako ba sauƙi, ko ka ga jini ko kana jin zafi, don Allah je asibiti a auna ka.